Waiwaye: Tushen muhawarar launukan bakan gizo a taswirorin bayanai

Muhawara kan ko ya dace a ci gaba da zana taswirar bayanai, irin ta ruwan saman Filato, da launukan bakan gizo, ba yau ta fara ba. Tun da kwamfuta ta fara mayar da lambobi hoto, ana raba fili ne zuwa ƙananan murabba'ai, kowanne da lambarsa, sannan a duba jadawalin launuka, galibi mai launi 256, a ba kowace lamba nata. Bakan gizo ya karɓu saboda yana ɗaukar ido, kuma tun a 1998 Bernice Rogowitz da Lloyd Treinish suka yi gargaɗi a kansa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne shekarar 1976, lokacin da hukumar duniya mai kula da ma'aunin haske, CIE, ta fitar da tsarin CIELAB, wanda ya ware hasken launi daga irinsa, ya kuma auna shi daga 0 zuwa 100. Daga nan aka samu sikelin gwada abin da a da sai dai a yi gardama a kai. Idon mutum ya fi gane hawa da sauka ta haske da duhu, amma idan aka ɗora bakan gizo a wannan sikeli, shuɗi yana da duhu, haske ya hau har ruwan ɗorawa, sannan ya sake faɗuwa a ja. Saboda haka ido yana ganin iyaka inda lambobi ke tafiya sannu a hankali. Duk wanda ya kai kundin kammala karatunsa shagon fotokwafi ya san sauran labarin: yankin da ya fi samun ruwa da wanda ya fi bushewa duk sun fito baƙi. Idan kuma aka ƙara inuwa domin duwatsun Shere su fito, duhun inuwar da duhun launin sai su cakuɗe, mai karatu ya kasa bambance gangara da ƙarancin ruwa.

Sai a 2015 Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith suka gabatar da wani sabon jadawalin launuka mai suna viridis, wanda haskensa ke hawa daidai daga shunayya mai duhu zuwa ruwan ɗorawa, kuma da ma'auni na zuriyar CIELAB suka gina shi. A 2017 Matplotlib, wata manhajar mayar da lambobi hoto, ta mai da shi jadawalin da take amfani da shi idan ba a zaɓi wani ba, shekara 41 bayan samuwar sikelin.