Sassan Kwamfuta

Sassan kwamfuta su ne duk abin da ke jikin na'urar wanda hannu zai iya taɓawa: allo, madannai, wayoyi, batir, fanka, da ƙananan gutsattsarin silikon da ke ɓoye a ciki. Abokiyar aikinsu ita ce manhaja, wato umarnin da aka rubuta domin sassan su bi. Wayar hannu, talabijin na zamani da agogon da ke ƙirga taku duk kwamfutoci ne, domin tsarin cikinsu ɗaya ne: akwai wurin lissafi, wurin riƙe abin da ake aiki a kansa yanzu, wurin ajiya na dindindin, da ƙofofin shiga da fita. Ana danganta wannan tsari da rahoton da John von Neumann ya rubuta a 1945 kan na'urar EDVAC a Amurka, kuma har yau a kansa ake tafiya.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai saye shi ne cewa waɗannan sassa jiran juna suke yi. Wanda ya fi nawa a cikinsu shi ke yanke saurin na'urar baki ɗaya, komai girman lambobin da aka buga a jikin kwali.

Asali

ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, wadda aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania a 1946, tana da kwalaben lantarki masu aikin makunni kusan 18,000, ta cika ɗaki guda, kuma kwalaben na yawan ƙonewa. A 1947 John Bardeen, Walter Brattain da William Shockley na ɗakin binciken Bell suka samar da taransisto, ɗan ƙaramin makunni da ke buɗewa ko rufe hanyar lantarki ba tare da wani abu ya motsa ba. Jack Kilby a 1958 da Robert Noyce a 1959 suka gano yadda za a tara irin waɗannan makunnai da yawa a kan gutsure ɗaya. Intel 4004 na 1971 yana da taransisto 2,300. M1 da Apple ya fitar a 2020 yana da biliyan 16. Wannan hauhawa ita ce Gordon Moore ya hango a 1965, ya kuma gyara hasashensa a 1975 zuwa ninkawa duk shekara biyu.

Furosesa

Furosesa, ko CPU, shi ne mai aiwatar da umarni. Aikinsa maimaici ne: ya ɗauko umarni, ya gane abin da ake nufi, ya zartar, ya ɗauko na gaba. Ana auna bugun agogonsa da GHz. Furosesa mai 3 GHz yana bugawa sau biliyan uku a daƙiƙa. Shekaru da dama wannan lamba ce abin tinƙahon kamfanoni, sai dai wajen tsakiyar shekarun 2000 zafi ya taka musu burki, domin ƙara bugu yana ƙara cin wuta fiye da kima. Daga nan aka koma sanya cibiyoyin lissafi da yawa a cikin furosesa ɗaya, biyu, huɗu, takwas, har sama da haka, kowace tana ɗaukar nata aikin.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa da suna. Sunaye irin su Core i3, i5 da i7 na Intel, ko Ryzen 3, 5 da 7 na AMD, matsayi ne a cikin zubi ɗaya, ba ma'auni ba ne tsakanin zubin bana da na shekaru biyar baya. Ɗauki Core i7-7500U da Core i5-8250U. Wanda ya ga i7 zai ɗauka shi ne babba. Amma lambar farko bayan karan tana nuna zubi: na farko zubi na bakwai ne mai cibiya biyu, na biyu zubi na takwas ne mai cibiya huɗu, kuma a aikin da ake rarrabawa tsakanin cibiyoyi i5 ɗin ya bar i7 ɗin a baya. Harafin ƙarshe ma yana magana. U na nufin an ƙera shi don tattalin batir, H kuma don ƙarfi, tare da zafi da cin wutar da ke biyo baya.

Manyan gidajen furosesa biyu ne. Akwai x86 na Intel da AMD, wanda ya mamaye kwamfutocin tebur tun daga IBM PC na 1981. Akwai kuma ARM, wanda kamfanin Acorn ya faro a Kambrij ta Ingila a 1985, kuma shi ne a cikin kusan kowace wayar hannu, ko Snapdragon ne na Qualcomm, ko na MediaTek, ko na Apple. Yawancin waɗannan kamfanoni zane kawai suke yi. Ƙirar kanta ana yin kaso mai yawa a masana'antun TSMC da ke Taiwan.

RAM da ma'aji

Babu inda ake cuɗa magana kamar nan, domin duka biyun da gigabayit ake auna su, kuma a bakin mutane duka "memori" ne.

RAM kamar saman tebur ne inda ma'aikaci ke baza takardun da yake aiki da su, ma'aji kuma kabad ne da ake kulle takardu a ciki. RAM yana da sauri ƙwarai, amma da zarar wuta ta ɗauke komai ya goge. Dalili kuwa shi ne irin da ake amfani da shi, DRAM, wanda Robert Dennard na IBM ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960, yana riƙe kowane bit, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar bayani, a matsayin ɗan cajin lantarki da ke tsiyayewa, sai an riƙa sabunta shi sau da yawa a kowace daƙiƙa. Idan tebur ya cika, babbar manhaja takan kwashe wasu takardun ta kai kabad, ta dawo da su in an buƙata. Wannan kai-kawo shi ne nawar da mutum ke ji idan ya buɗe shafukan intanet ashirin a kwamfuta mai RAM 4 GB. Windows 11 ta amince da 4 GB a matsayin mafi ƙaranci, amma amincewa daban, jin daɗin aiki daban. Ga aikin ofis da karatu 8 GB ne ƙasan abin da ya dace, 16 GB kuma yana ba da sarari na shekaru. Ƙari a kan abin da ake buƙata ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Teburin da ba a cika ba, faɗaɗa shi bai rage wa kowa aiki ba. RAM yana da zubi shi ma, DDR4 da DDR5 su ne na yanzu, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.

Ma'aji iri biyu ne. HDD faifai ne mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu da ke yawo a kansa yana karantawa. Kakansa shi ne IBM 350 na 1956, mai faifai hamsin, wanda duk girmansa haruffa kusan miliyan biyar kawai yake ɗauka. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa; yana amfani da ma'ajin filash, wanda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba a shekarun 1980. HDD na laftof yakan karanta megabayit ɗari da ɗoriya a daƙiƙa, SSD mai haɗin SATA kusan 550, mai haɗin NVMe kuma daga kusan 3,500 zuwa 7,000 ko sama da haka, gwargwadon zubinsa. Sai dai babban bambancin yana wajen nemo ƙananan fayiloli da ke warwatse, inda HDD sai ya jira faifai ya zagayo, SSD kuwa ya miƙa hannu kai tsaye. Shi ya sa tsohuwar kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi takan tashi cikin daƙiƙa ashirin idan an sauya mata SSD, alhali furosesanta bai canza ba. Duk tsawon lokacin nan furosesan zaman jira yake yi. A cikin gyare-gyaren da ake wa tsohuwar na'ura babu wanda ke biyan kuɗinsa kamar wannan.

Akwai wani ma'ajin filash mai araha, eMMC, da ake liƙawa a ƙananan laftof, sau da yawa 64 GB. Sunansa filash, amma ba ya kusa da SSD a sauri, ba a kuma cire shi a sa babba.

Wani abin da ke sa mai saye zargin an cuce shi: faifan da aka rubuta 1 TB yana bayyana a Windows a matsayin 931 GB. Babu abin da ya ɓace. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma da 1,024.

Sauran sassa

Madabod shi ne babban allon da komai ke zaune a kai, shi ne kuma ke yanke irin furosesa da RAM da za su shiga. GPU yana kula da hoto. Yana da ƙananan cibiyoyi ɗaruruwa ko dubbai masu yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda, abin da ya sa ya zama ƙashin bayan wasannin bidiyo, tace fim, da horar da ƙirƙirarriyar basira. Mai rubutu da kallon bidiyo, wanda ke haɗe cikin furosesa ya ishe shi. Fanka da bututun jan ƙarfe suna fitar da zafi, kuma idan ƙura ta toshe su furosesa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, har mai ita ya ɗauka kwamfutar ce ta tsufa.

Allo ana auna shi da inci daga kusurwa zuwa kusurwa, da kuma yawan ɗigo. Full HD ɗigo 1,920 ne a kwance da 1,080 a tsaye, kimanin miliyan biyu. 4K kuma 3,840 da 2,160, ninki huɗu ke nan. A talabijin mai inci 55 bambancin a fili yake, a laftof mai inci 13 kuwa batir ne ke biyan kuɗinsa.

Batir

Batirin lithium-ion, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, shi ne sashen da ke mutuwa tun ranar da aka ƙera shi. Zafi da yawan zama a cike ko a ƙarƙaf suna gaggauta tsufansa. Apple ya ce batiran wayoyinsa har zuwa iPhone 14 an tsara su su riƙe kashi 80 cikin ɗari bayan cikakken caji 500.

Lambar mAh, wato yawan cajin da batir ke ɗauka, ita kaɗai ba ta faɗin ƙarfin batir sai an haɗa da volt. Ma'aunin gaskiya shi ne Wh, wanda ke haɗa su biyun. Fawabank mai 10,000 mAh a kan volt 3.7 yana da 37 Wh. Idan ya fitar da wutar a volt 5 na USB, lissafin ya koma 7,400 mAh, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Saboda haka ba zai cika wayar 5,000 mAh sau biyu ba, kuma ba jabu ba ne. Da Wh ɗin ne ma kamfanonin jiragen sama ke aiki, inda iyakar da aka saba ba tare da neman izini ba ita ce 100 Wh.

Zaɓen na'ura

Tambayar farko ita ce aikin da za a yi da ita, domin daga nan ake gane sashen da zai fara cikewa. Mai tace bidiyo yana buƙatar cibiyoyi da GPU. Ɗalibi yana buƙatar SSD, isasshen RAM, madannai masu daɗi da batir mai kai wa yamma. Laftof mai sabon i7 da aka haɗa da HDD da RAM 4 GB an ƙera shi ne don takardar talla.

Tambaya ta biyu ita ce me za a iya sauyawa daga baya. Siraran laftof da yawa RAM ɗinsu liƙe yake da madabod, abin da aka saya da shi za a rabu. A waya kuwa ba a sauya RAM ko ma'ajin ciki, don haka ma'ajin da ya yi kamar ya yi yawa yau shi ne daidai bayan shekara biyu na hotuna da saƙonni.

Ta uku, wadda ba a cika bugawa a kwali ba, ita ce tsawon lokacin da kamfani zai ci gaba da aiko gyaran manhaja. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da, galibi, furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutoci masu ƙoshin lafiya da yawa sun tsaya a bakin wannan ƙofa. A ɓangaren waya, Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ma haka ga Galaxy S24 a 2024, yayin da wayoyi masu araha da dama ke samun abin da bai kai rabin haka ba.

Wasu lambobin kyan ɗan maciji ne. Yawan megafiksel ba ya nuna kyawun hoto. Girman idon da ke karɓar haske, gilashin kamara da manhajar sarrafa hoton sun fi shi tasiri. Ramin USB-C, wanda aka fitar a 2014 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyi daga ƙarshen 2024, siffa ce kawai: wani yana tura bidiyo zuwa allo da caji mai sauri, wani kuma gudun tsohon USB 2.0 yake yi. A alamar IP68, lamba 6 kariya ce daga ƙura, 8 kuma daga nutsewa a ruwa, amma an gwada ne da ruwa mai tsabta a na'ura sabuwa, robar da ke toshe ramuka kuma tana saki da shekaru.

Na'urar hannu tana iya zama ciniki mai kyau idan an bincika. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. Faifai yana ajiye tarihin lafiyarsa a tsarin SMART, har da awannin da ya yi yana aiki, kuma manhaja irin CrystalDiskInfo tana karanto shi. Buɗe farin shafi da baƙi a cikakken allo yana tona matattun ɗigo. A waya, a tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na Google ko Apple, in ba haka ba za ta kulle bayan an goge ta. Filash da katin memori su ne aka fi yi wa jabu: ana sauya bayanin cikinsu su riƙa nuna 256 GB alhali 16 ne, sai sababbin fayiloli su hau kan tsofaffi ba tare da gargaɗi ba. Manhajar H2testw tana cika katin da bayanai daga farko har ƙarshe, sannan ta karanto su ta faɗi inda ainihin girmansa ya tsaya.