Klints: kalmar Latbiya mai kama da namiji alhali mace ce

A harshen Latbiya, klints na nufin dutsen da ya miƙe tsaye kamar bango, irin wanda ke gaɓar kogi ko bakin teku. Latbiya kuwa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a arewacin Turai, tudunta mafi tsawo, Gaiziņkalns, mita 312 ne kacal. Don haka da yawa daga fitattun duwatsun da ake kira klints a ƙasar suna gaɓoɓin kogin Gauja ne, inda ruwa ya zaizaye jan dutsen yashi ya bar shi tsirara. Kusa da garin Cēsis akwai Ērgļu klintis, wato Duwatsun Gaggafa, a cikin gandun Gauja da aka keɓe tun 1973. Dutsen nan laushi gare shi, ka goga yatsa yashi ya zubo, shi ya sa masu yawon buɗe ido suka daɗe suna ɓata shi da rubuta sunayensu.

Aro kalmar take daga harsunan dangin Jamusanci. Har yau ana cewa klint a Suwidin da Denmak, kamar Møns Klint, farin dutsen alli da ke bakin teku a Denmak. Maƙwabtan Latbiya, 'yan Lituwaniya, na da klintis, sai dai su dutsen farar ƙasa suke nufi da ita.

Nahawunta ne ke kayar da ɗalibi. Yawancin sunayen da suka ƙare da -s a Latbiyanci maza ne, kamar kalns, tudu. Amma klints mace ce, tana cikin rukuni na shida na sunayen harshen tare da sirds, zuciya, da nakts, dare. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda ruwa da gida sun ƙare da -a kuma maza ne. Saboda haka augsta klints ake cewa, doguwa, kada a kuskura a ce augsts, wadda ita ce sigar namiji.

Jam'inta klintis. "A kan dutsen" ko "a cikinsa" kan ɗauki klintī, da dogon wasali a ƙarshe. Wajen mallakar jam'i kuma t na rikiɗewa ta koma š, mai sautin "sh", sai a sami klinšu. Da wannan sigar ake gina sunaye irin su klinšu ērglis, wata babbar gaggafa, da klinšu kāpšana, wasan hawan dutse. Valsts, ƙasa mai gwamnati, a rukuni ɗaya suke da klints, amma ita valstu take bayarwa, t ɗinta bai motsa ba.