GOAT: kowa ya zura ƙwallo biyu ya zama akuya ke nan?

Yanzu da wuya ka kunna shirin wasanni a rediyo ko ka leƙa Facebook ba ka ci karo da GOAT ba, sau da yawa har da ɗan hoton akuya a gefe. Ɗan wasa ya zura ƙwallo biyu da la'asar, kafin isha an naɗa shi. Har "GOAT ɗin wannan makon" ake cewa, 'yan siyasa ma sun fara rabawa iyayen gidansu. GOAT, wadda a Turanci ke nufin akuya, haruffan farko ne na kalmomin Turanci huɗu (Greatest Of All Time) masu nufin wanda ya fi kowa a kowane zamani. Mutum ɗaya, ba na mako-mako ba. Abin dariya, a da a bakin marubutan wasanni na Amurka, akuya shi ne wanda ya jawo wa ƙungiyarsa faɗuwa. Daga baya ne, da aka riƙa danganta kalmar da Muhammad Ali, zagi ya koma kirari.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu ɗaukar maganar kamar lissafin 'yan firamare: a ƙirga kofuna, mai yawa ya ci. Su je su duba ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, inda koci kan tsufa a kujera ɗaya.

Koci John Wooden ya riƙe ƙungiyar jami'ar UCLA daga 1948 zuwa 1975, ya ɗauki kofin ƙasa sau 10 cikin shekara 12, ya taɓa cin wasa 88 a jere. Mike Krzyzewski ya zauna a jami'ar Duke daga 1980 zuwa 2022, kofi 5 kacal. In da ƙirga ne, an rufe magana. Sai dai ba gasa iri ɗaya suka buga ba. A yawancin shekarun Wooden, ƙungiyoyi ashirin da 'yan kai ke shiga gasar NCAA, wato gasar kofin ƙasa ta jami'o'i, wasa 4 ya ci ya ɗaga kofi. Daga 1985 ƙungiyoyi sun zama 64, sai ka ci 6 a jere, ka faɗi sau ɗaya ka tattara kayanka. Wooden ya mori shahararren ɗan wasa Kareem Abdul-Jabbar, lokacin sunansa Lew Alcindor, kaka uku cur. Krzyzewski kuwa, a ƙarshen aikinsa, irin su Kyrie Irving da Jayson Tatum da Zion Williamson shekara ɗaya suka yi masa suka wuce NBA, gasar ƙwararru, kowace kaka sai sabon gini. Duk da haka ya tashi da nasara 1,202, in an haɗa da shekara biyar da ya fara yi a makarantar sojoji ta West Point.

Masu naɗin sarautar la'asar su kuma lura: a kakarsa ta biyu da ta uku a Duke, sau 17 aka doke shi a kowace kaka, magoya baya na kiran a sallame shi. Kofinsa na farko sai 1991. Wooden ma sai a kakarsa ta 16.

Ni dai ba zan ɓoye ba, wajen Krzyzewski na karkata, domin ya ci kofi a 1991 ya kuma ci a 2015, da 'yan wasan da a 1991 ba a ma haife su ba. Amma kada wani ya ce daɗewar ce hujjata. Jim Boeheim ya yi kaka 47 yana koci a jami'ar Syracuse, ya fi su duka daɗewa a wuri ɗaya, kofinsa guda ne, na 2003, kuma ko a Syracuse ba kowa ke saka shi a wannan musun ba.