Ba tsoro ne ke sa koci ya tsaya tunani ba

A gidajen kallon ƙwallo an daɗe ana cewa duk kocin da babbar ƙungiya ta nema kuma ya yi jinkiri, to matsoraci ne. Ni dai wannan magana tana damuna, domin ba haka aikin yake ba.

Ku tuna David Moyes. Shekara 11 ya yi a Everton, ya san kowa tun daga 'yan wasa har masu share fili, kuma maganarsa ce ake bi wajen sayen ɗan wasa. A 2013 ya gaji Alex Ferguson a Manchester United da kwantiragin shekara 6. Ko shekara guda bai cika ba aka sallame shi, a watan Afrilun 2014. Graham Potter ma ya bar Brighton zuwa Chelsea a Satumban 2022, kafin wata bakwai ya rasa aikin.

Babbar ƙungiya tana ba da kuɗi, amma haƙurinta kaɗan ne. A sha kashi sau uku a jere, jaridu su taso, taurarin da suka fi kocin albashi su fara ƙunƙuni, sau da yawa kuma wani darakta ne ke zaɓen wanda za a saya.

A Maris na 2024 kuwa, ana ta alaƙanta Xabi Alonso da Liverpool da Bayern Munich, ya ce zai ci gaba da zama a Bayer Leverkusen. A kakar 2023/24 ɗin ya ɗauki kofin Bundesliga, babbar gasar Jamus, ba tare da an doke shi ko sau ɗaya a gasar ba.