Kurɗawar Kwantam a Ajin Fiziks: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce kurɗawar kwantam?

Idan yaro ya buga ƙwallo a katanga, ƙwallon za ta dawo masa muddin ba ta da ƙarfin tsallake ta. Ilektiron kuwa, wato ƙaramar ƙwayar da ke cikin atam, saboda yana da ɗabi'ar taguwa irin ta ruwa, akwai yiwuwar ya ɓulla a bayan shingen da kuzarinsa bai kai na tsallakewa ba. Da wannan ne George Gamow ya bayyana yadda ƙwayar alfa ke fita daga cibiyar atam a 1928.

Me ya sa allo da alli ba sa wadatarwa?

Ɗalibi a Gusau ko Aliero yana iya warware lissafin Schrödinger, wanda ke bayyana taguwar ilektiron, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa ganin abin da lissafin ke faɗa ba. Manhajar kwaikwayo, kamar ta PhET, shirin da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002, tana nuna taguwar tana tafiya, ta iske shinge, wani ɓangare ya dawo, wani ya ratsa. Kyauta ce.

Wane kuskure manhajar take gyarawa?

Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa ilektiron yana fitowa a gajiye, kamar wanda ya haƙa rami da hannunsa. Ba haka ba ne. Idan matakin kuzari a ɓangarorin shingen biyu ɗaya ne, tazarar da ke tsakanin tudun taguwa da na gaba ba ta canzawa bayan ratsawa, wato kuzarin yana nan yadda yake. Abin da ke raguwa shi ne girman taguwar, ma'ana yiwuwar samun ilektiron a can. Da ɗalibi ya ƙara kaurin shingen kaɗan, zai ga yiwuwar ta faɗi warwas. A kan wannan aka gina madubin STM na Binnig da Rohrer a 1981, na'urar da ke duba atam da wani siririn tsini, inda matsar da tsinin da kashi ɗaya bisa goma na nanomita (nanomita kashi ɗaya ne bisa biliyan na mita) ke sauya lantarkin kusan ninki goma.

Yaya malami zai yi amfani da ita?

A ganina, kada ya haska ta a bango ɗalibai su zuba ido kamar masu kallon fim. Gara kowa ya fara rubuta hasashensa a takarda: idan aka ninka kaurin shinge, me zai faru? Daga nan sai a gwada, a yi muhawara, sannan a koma kan lissafi. Inda wuta ba ta zama, kwamfuta ɗaya mai caji ta ishi ɗalibai su zagaya ta rukuni-rukuni.