Waiwaye: Yadda Darasin Tarihi Ya Shiga Ajin Injiniyoyi a Ghana

"Kai, injiniya muka tura ka ka zama, mene ne kuma na tarihi?" Haka wani dattijo a unguwar Aboabo ta Kumasi ya tare ɗan ƙanensa da ya gan shi da littafin falsafa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sai na ci shi za a ba ni digiri."

Dattijon bai yi laifi ba, domin a rabe ya tarar da karatun, kimiyya daban, adabi daban. A 1948 aka kafa kwalejin da ta zama Jami'ar Ghana ta Legon, ta yi suna a adabi da tarihi da shari'a. Kwalejin fasaha ta Kumasi, wadda har gobe direbobin trotro (motocin haya) ke kira Tek, ta buɗe a Janairun 1952 da ɗalibai 200 masu koyon malanta da aka kwaso daga kwalejin Achimota. A 1961 ta zama jami'a, injiniya R. P. Baffour ya fara shugabantarta. Tun daga sakandare ma ake tsaga yara, wannan kimiyya, wancan adabi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Shugaba Kwame Nkrumah ya ɗan taɓa katangar. A 1963 ya buɗe Cibiyar Nazarin Afirka a Legon, kuma yau ɗalibin can, ko injiniyanci yake karantawa, sai ya bi ta wannan darasin. Da yawa dai haddacewa suke yi su wuce.

Wanda ya ɗauki maganar da gaske shi ne Patrick Awuah. Ya karanta injiniyanci haɗe da tattalin arziki a kwalejin Swarthmore ta Amurka, ya yi aiki a Microsoft, sannan ya dawo ya buɗe jami'ar Ashesi a 2002 cikin gidan haya a unguwar Labone ta Accra, da ɗalibai 30. Ta koma garin Berekuso a 2011, injiniyanci ya zo a 2015. A can mai koyon haɗa inji sai ya zauna ajin rubutu da shugabanci da ɗa'a, jarrabawa kuma babu mai gadi.

A ganina tsarin ya dace da zango. Wanda za a ba aikin kwatar unguwar Nima ta Accra, lissafin siminti kaɗai ba zai fisshe shi ba. Sai ya iya zama gaban sarki da limamai, ya san dalilin da ya sa mai waakye (shinkafa da wake) ba za ta matsa da teburinta ba. Matsalar kuɗin makarantar ne. In ba tallafi aka samu ba, irin na Gidauniyar Mastercard, ɗan Aboabo sai dai ya ji labari.