Rufe boda ba ya tare ɗan bindiga

An daɗe ana cewa a majalisun Birnin Kebbi da Argungu: da gwamnati za ta garƙame bodar Najeriya da Nijar, da 'yan ta'adda sun daina shigowa. Ai an gwada. An rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. A Kamba tireloli suka yi layi, albasa ta ruɓe a buhu, masu dako suka zauna hannu rabbana. Mai bindiga kuwa da ma ba ta gaban kwastan yake bi ba, babur yake hawa ya ratsa gonakin gero, a iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500. 'Yan ta'addan Lakurawa da suka afka wa Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 ba fasfo suka nuna ba.

Abin da ke tare su shi ne sojan nan ya kira na can ya ce ga su nan tafe, a tsaya musu. Wannan kuwa sai da yarda, ita ce kuma siyasa ta cinye. Bayan juyin mulkin, Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ECOWAS ta yi barazanar kai soja. Janar Tiani, wanda ya karɓi mulki a Nijar, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Maris. Yanzu sojan da ya biyo sawun mahara, da ya isa iyaka dole ya ja birki, su kuwa su wuce abinsu.